Takardar Maigidana da Yaya Ya Ƙone

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan abinci bai min daɗi.

Ni tsohuwa ce a Dakoro, ban yi lekol ba, wato boko, amma kunnena ras yake. Maigidana shi ya yi karatu zamanin Nasara, har mushensu, wato malaminsu, ya sa shi konkur, jarrabawar tafiya Dakar koyon aikin likita. Kullum yana zaune bakin hanya yana jiran gumiyen kumandan mai kawo takardu bisa raƙumi, shiru. Daga baya wansa ya ce mishi ya je ya tambayo, wai bai ci konkur ɗin ba. Sai maigidana ya koma bin shanu wajen Azagor. Tun da na aure shi yake cewa kansa ne bai kai ba.

To jikarmu ta samu bak, jarrabawar gama sakandare, sau biyu tana ajiye dosiye, wato takardun neman shiga, a makarantar likita ba a ɗauke ta ba. Yarinya ba ta karaya ba, ta ce sai ta uku. Kakanta kuwa kullum: "Haƙura 'yar nan, gidanmu ba mu da kan likita, a kaina aka gwada." Ya yi ta faɗa har ta soma yarda, ta tura takardunta ƙarƙashin katifa.

Ranar suna a gidan Yaya, wato wan nasa, ina wanke ƙore bayan zana, na ji shi yana ba abokinsa labari har da dariya. Wai takardar cin konkur ɗin maigidana ta zo, hannunsa gumiye ya ba, shi ya sa ta a murhu don rani ne, babu mai ja mishi guga a rijiya. Mutumin da nake dama wa fura da hannuna shekara da shekaru! Na same shi, ko kunya, ya ce "Amarya, ke dai kunnenki zai kashe ki, ai da ya tafi Dakar da ba ke ya aura ba."

Maigidana hawan jini gare shi, kuma Yaya kaɗai ya rage mishi a duniya. Ajiye dosiye kuma sati mai zuwa za a rufe. Na ce in gaya wa yarinyar ita kaɗai, amma na san bakinta, kafin la'asar kakanta ya ji.

In faɗa wa tsohon nan ya ci konkur ɗinsa, ko in yi shiru yarinyar ta haƙura kan ƙarya? Ya zan yi?