Babur a Kan Kabarin Neil

Skelby, Fabrairu 1993

Yayana Desmond,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, da aikin gareji. Na yi ta zuwa gidanka ba ka buɗe mini ƙofa, in na buga waya ka ji muryata sai ka kife. Shi ya sa na koma ga takarda.

Hukuncin alƙalin majami'a ya iso. Ya ce a cire dutsen da ka kafa a kan kabarin Neil kafin bikin Ista. Ka san dokar maƙabartar cocin nan kamar yadda na san ta, tare muka tashi muna yanke ciyawarta. Dutse sai irin namu na farar ƙasa, ban da baƙi mai sheƙi. Ba a manna hoton mamaci. Ba a sassaƙa wani zane sai da izini. Kai kuwa ka bari na tafi taron bishop, ka zo da ma'aikatanka kuka kafa baƙin dutse, ga hoton yaron cikin hular kwano, ga babur ɗinsa an zana shi daga wannan gefe har wancan.

Na kau da kai wata da watanni. Ɗan wana ne, ni na yi masa baftisma, ni na binne shi. Amma an kai ƙara, magana ta fi ƙarfina. In ba ka cire da kanka ba za a turo masu cirewa, ni kuma ba na son hannun baƙo ya taɓa wurin. Ka zo mu zauna mu nemo dutsen da doka ta yarda da shi.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka,
Leonard

Skelby, Fabrairu

Rabaran,

Na ga takardarka. Lafiyata ƙalau, tunda ka tambaya.

Ashe har akwai dokar da ta san launin da ya dace da kabarin ɗana. Shi alƙalin naku ya taɓa ganin Neil? Ya taɓa jin ƙarar babur ɗin nan yana gangarowa daga kan tudu, yaron yana ɗaga wa tsofaffi hannu? Da hannuna na haɗa masa injin. Tun yana wando guntu ba shi da zance sai na babur. Abin da ya so ke nan a duniya, shi na sa masa. Ba a kan bagadinku na ɗora shi ba.

Ba sai ka gaya mini wanda ya kai ƙara ba, na sani. Pickwell ne, dattijon cocinka, mai yawo da sandar awo tsakanin kaburbura kamar wanda ya gaji wurin. Ran Juma'a na same shi a mashaya, na ce, "Pickwell, ka auna naka ramin kuwa? Ko sai na taya ka?" Ya ajiye kofinsa ya ce, "Desmond, je gida ka huta." Ko musu bai yi ba. Mai gaskiya ai da ya yi musu.

Ka gaya wa masu cirewar su zo. Motar jan kaya tana bakin ƙofar maƙabarta tun jiya, kuma can za ta zauna. Wanda ya sa hannu a dutsen nan, ni da shi ne.

Matata Glenda ta kwashe kayanta ta koma Grimsby, ɗana yana cikin ƙasa, yanzu ƙanena ya zo da takardar alƙali. Na gode.

Desmond

Skelby, Maris

Zuwa ga Glenda,

Ina gaishe ki, ina gaida 'yar'uwarki Noreen da ta riƙe ki duk wannan lokaci. Allah ya ƙara miki ƙarfi.

Ba zan yi kwana-kwana ba, abu ya ɓaci. Jiya Lahadi bayan sujada, mutane suna fitowa, Desmond ya tare Pickwell a bakin ƙofa. Ya cafki wuyan rigarsa yana cewa, "Faɗa a gaban jama'a, kai ne ko ba kai ba?" Tsohon ya ja baya, ƙafarsa ta zame daga matakala, ya faɗi a kan hannunsa. Wuyan hannun ya karye. 'Yarsa ta rantse sai ta kira 'yan sanda.

Na bi shi asibiti. Na ce, "Pickwell, ka san ba kai ba ne, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Rabaran, ni na nuna wa Glenda inda ake aika ƙarar. In na ce ba ni ba ne, zai bi gida gida har ya kai kanta. Bar shi ya ƙi ni, ni dai ba a gida ɗaya muke kwana ba."

Na yi miki alkawari ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Amma mutum mai shekara saba'in da wani abu yana kwance da karaya saboda shirunmu. Desmond ya daina buɗe gareji, a mota yake wuni yana gadin ƙofar maƙabarta. Ista ta kusa. Ranar da masu cirewa suka zo, ban san abin da zai aikata ba, shi ma ba na jin ya sani. Ko ki sake ni daga alkawarin, ko ki gaya masa da kanki. Na fi son na biyun.

Naki cikin addu'a,
Leonard

Grimsby, Maris

Des,

Ina gaishe ka. Ina fata kana cin abinci mai zafi, ba biskit da shayi kawai ba.

Ba Pickwell ba ne. Ni ce na kai ƙara.

Sau ɗaya na je kabarin tun da ka kafa dutsen. Na sayi furanni, na bi ta bayan coci, ina ɗaga kai sai ga babur ɗin. Ka sa an zana shi daidai, har da lanƙwasar madubin. Rabona da ganin babur ɗin nan tun ranar da 'yan sanda suka kawo shi a murɗe a bayan mota. Hoton kuma, Des, cikin hotunansa duka ka rasa wanda za ka zaɓa sai mai hular kwano? Ko gashinsa ba a gani. Na tsaya ina neman fuskar ɗana, abin da ya kashe shi yana kallona. Ban san lokacin da na zubar da furannin na fita ba.

Ba ka tambaye ni ba. Na ga kana ta zane a takarda a teburin kicin, na ce me kake yi, ka ce, "Za ki gani, sai kin yi kuka don daɗi." Na yi ƙoƙarin yi maka magana bayan nan, amma da na ambaci babur sai ka tashi ka fita, kana zaton zan ce kai ka saya masa. Ban taɓa faɗa ba, yanzu ma ba shi nake faɗa ba.

Dokarsu ba ta dame ni ba, ko baƙi ko fari duk dutse ne. Ita kaɗai na samu da za ta iya ɗaga abin da na kasa roƙonka ka ɗaga. Da na san za ta kai ga hannun Pickwell da ban bi ta nan ba, kuma na rubuta masa.

Kana da gareji cike da kayansa, kana da ƙarar injin a kunnenka. Ni wurin nan kaɗai gare ni, kuma na kasa shiga. Ina so in zauna kusa da ɗana in gaya masa yadda nake. Sunansa a kan dutse ya ishe ni, da shekarunsa.

In ka ga dama ka ƙi ni. Ka dai ƙyale tsohon.

Ka kula da kanka.
Glenda

Skelby, makon Ista

Glenda,

Na gaishe ki, ki gaida Noreen.

Na cire dutsen da kaina, Leonard ya riƙe mini igiya. Yana gareji. Ba zan fasa shi ba, kada ki roƙe ni wannan.

Na je gidan Pickwell. 'Yarsa ta hana ni shiga, shi ya leƙo ta taga ya ce ta bar ni.

Yanzu ba komai a kan kabarin sai ciyawa, kuma ba zan sa komai ba sai kin zo. Ban huce ba tukuna, ban sani ba ko ke kin huce. Jirgin ƙasa na ranar Asabar yana isowa da hantsi. Zan kasance a tasha.

Mijinki,
Des