Sunana a Takardar Madam Halloran

Litinin, 4 ga Maris

An zuro mana takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Sau uku na karanta, ina bi da yatsa. Za su rushe tsofaffin kantunan nan da filin ajiye motoci, har da benenmu da ke baya. Mu tashi kafin ƙarshen Agusta. Wai za a gina wa Ashby tsakiyar gari: shaguna a ƙasa, gidaje a sama, dandali da ruwa mai tsartuwa. Garin da sai an shiga mota ake sayen burodi, yau shi ke son tsakiya.

Saura shekara biyu 'yata Joelle ta gama sakandare, makaranta kuwa adireshi take bi. In mun bar Ashby, ta bar makarantar. Ban da benenmu, ina mai shara za ta samu haya a garin nan?

Alhamis, 7 ga Maris

Kwana uku ina ɓoye wa yarinyar. Ashe tun Litinin ta gani a waya.

Lahadi, 17 ga Maris

Bayan coci na shiga birnin Columbus wurin Yaya Glenda. Dariya ta yi har da riƙe ciki. "Shago a ƙasa, gida a sama? Verna, shekara ashirin ina kwana a kan shagon wanki, ba wanda ya zo ya ɗauke ni hoto. Mutanen Ashby sun gudu daga birni, yanzu suna so a gina musu ɗan ƙarami wanda ba mu ciki."

Ta ce mu dawo. Na ce ba zan mai da 'yata inda na fito ba. Shekara bakwai na yi a makarantar birni, ba malamin da ya lura ban iya karatu ba. Sai da na haura arba'in na rubuta wasiƙa da hannuna. Ta ce, "Wancan zamani ne, sarauniyar fargaba." Na taho ban ci kek ɗinta ba.

Talata, 26 ga Maris

Madam Halloran, wadda nake yi wa shara duk Talata, ta tare ni a kicin da takarda. Ta ce sunaye suke tarawa don a tsai da ginin. Kamar in rungume ta. Rubutun ƙanana ne, shafi guda cur, ga ta tsaye da biro tana jira. Sai bakina ya saki tsohuwar ƙaryar nan, wai na manta tabarau. Ni da ban taɓa sa tabarau ba. Na sa hannu.

Laraba, 3 ga Afrilu

Joelle ta nemo takardar a waya ta karanta mini muna cin taliya. Ba rusau suke ƙi ba. Shagunan suna so, dandalin ma suna so. Abin da ba sa so shi ne gidajen haya arba'in masu sauƙi da aka ce za a ware a sama. Wai za su cika makaranta da yaran waje.

"Mama, kin sa hannu a kore mu."

A hankali ta faɗa. Da ma tsawa ta yi mini.

Shekara shida ina zuwa ajin koyon karatu na manya, ranar da karatun zai yi mini amfani sai kunya ta hana ni.

Talata, 9 ga Afrilu

Taron majalisar gari. Ka cika kati, ka faɗi suna da adireshi, a ba ka minti uku. Wani mai garejin mota uku ya yi kukan cunkoso. Wata ta ce ita ba ta ƙin kowa, amma da dalili ta baro birni. Aka tafa mata.

Da na faɗi adireshina kawuna suka juyo. Na fara karanta abin da na rubuto. Na ce a cire sunana daga takardar. Na ce 'yata ce ta biyu a lissafi a ajinsu, kuma a benen da za a rushe take aikin gida. Ban gama shafin farko ba ƙararrawa ta buga. "Mun gode, Madam Tackett. Na gaba." Rabin maganar tana jakata har yanzu.

A bakin ƙofa Madam Halloran ta riƙo hannuna. "Haba Verna, ai ba irinku muke nufi ba." Na ce to su wa? Ta ce sai mako mai zuwa.

Juma'a, 12 ga Afrilu

An amince da ginin. Gidajen haya masu sauƙin sun koma sha biyu, ƙuri'a za a yi a zaɓi masu shiga, kuma sai nan da shekara biyu za a gama. Na kira ofishin makaranta. Matar ta ce da Joelle a shekarar ƙarshe take da sun bar ta ta ƙarasa. Sau uku ta ba ni haƙuri.

Talata, 16 ga Afrilu

Madam ta ce, murya ƙasa-ƙasa, mu rubuta adireshinta a takardun makaranta, ba wanda zai sani. Wallahi na so. Duk hanyar gida ina shirya yadda za a yi. Joelle ta ce, "Shekara biyu zan yi ina ƙaryar inda nake kwana, a ajin da iyayensu suka tafa? Mama, ki bari." Na yi mata faɗa sosai, na ce ba ta san me ake nufi da rasa makaranta ba. Ta ce, "Ke ma ba ki san makarantar unguwar yayarki ba, ba ki taɓa leƙawa ba."

Rashin kunya. Daga wurin Glenda ta ɗauko.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na fasa aikin safe na hau bas, ban gaya wa kowa ba. Makarantar da ke layin su Yaya tsohuwa ce, ga hayaniya, ga mai gadi a ƙofa. Ban so hakan ba. Malamar lissafi ta karɓi sakamakon Joelle ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Yaushe za ki kawo mini ita?" Na ce ban ce zan kawo ta ba.

Ban ce ɗin ba kuwa. Na dai biya ta shagon wanki na tambayi mai gidan ko ɗakunan da ke kusa da na Yaya suna samun rana da safe, don Joelle da sassafe take karatu. Ya ce suna samu. Na ce ya ɗauko makulli.