Wane Kati Zan Nema Kafin a Ba Mu Makullin Gida?

Anti Geraldine, don Allah ki taimake ni. Kaina ya kulle, kuma duk wanda zan tambaya a kusa da ni, ko dai ya kai wa mijina, ko ya yi min dariya.

Ni direbar motar 'yan makaranta ce a nan Toledo, mijina Wendell kuma yana aiki a masana'antar gilashi. Mun daɗe muna haya a hawa na uku, ga yara biyu, ga mahaifiyarsa tare da mu da gwiwoyin da suka ƙi, har ta kai ba ta sauka sai ranar ganin likita. Bana Allah ya nufa muka sami ɗan ƙaramin gida wanda ba bene. Banki ya amince zai ba mu rance, saura mako biyu da ɗoriya mu sa hannu mu karɓi makulli. Mun sanar da mai gidan da muke haya, shi kuwa bai yi wata-wata ba ya ba wasu 'yan jami'a wurin daga farkon wata. Yanzu haka rabin kayanmu suna cikin kwalaye.

To ga abin da ya kawo ni. Sabon gidan babu firji babu injin wanki, masu sayarwa za su tafi da nasu. Ƙanwar Wendell, Charlene, ita ta shigo da maganar kati. Charlene kuwa idan ta buɗe jaka sai ki rantse reshen banki take yawo da shi: katin shan mai daban, na cefane daban, na gidan abinci daban. Ta ce min wauta ce mutum ya sayi firji da kuɗin hannu alhali ga katunan bashi da ke mayar maka da wani kaso na duk abin da ka kashe. Ta ce da abin da katuna suka mayar mata ta yi hidimar Kirsimeti bara, ko dala ɗaya ba ta taɓa a albashinta ba. Wai ni har yanzu irin rayuwar kakanni nake yi, masu ɓoye kuɗi a gwangwanin kofi. Maganar ta yi min ciwo, don ba ƙarya ta yi ba.

Katuna biyu nake dubawa. Na farko yana mayar da kashi biyu cikin ɗari a kan komai, babu kuɗin shekara. Na biyu, wanda Charlene ta cika min kunne da shi, kashi biyar a cefane, uku a mai, amma ana biyan dala casa'in duk shekara, kuma idan ka yi sayayya mai yawa a watannin farko su ba ka tukuici mai kauri. Firji da injin wanki kaɗai sun isa tukuicin ya faɗo. Ita ma za ta sami nata rabon idan na nema ta hanyarta, ba ta ɓoye min ba.

Sai dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Ranar da aka amince da rancenmu, Misis Kowalski, jami'ar bankin da ke riƙe da maganarmu, ta ce mu zauna kamar gumaka har sai makulli ya shiga hannu: kada mu sayi mota, kada mu sauya aiki, kada mu motsa komai. Cikin raha ta faɗa, ni ma cikin raha na ɗauka. Da na tuna wa Charlene sai ta ce kati ai ba mota ba ne, kuma banki sun gama bincikensu tun tuni.

Ga kuma wadda ta fi damuna. Asabar da ta wuce Wendell ya je kantin kayan lantarki, wai kallo kawai. Ya dawo sai fara'a yake, ya ce ya ga firjin da ya dace da mu, har matar da ke wurin ta ce ya ba ta lambarsa ta shaida ta gwamnati ta duba ko ya cancanci ragi. Na tambaye shi ko ya sa hannu a wani abu. Nan take ya sha toka, ya ce duba kawai aka yi, in daina mayar da shi yaro. Tun daga ranar bai ƙara ambaton firji ba, mutumin da ya auna wurin ajiye shi har sau biyu. Idan na ɗauko zancen sai ya tashi ya hau naɗe kwali.

Jiya Juma'a ina cikin raba yara, Misis Kowalski ta kira, ta bar saƙon murya. Matar da kullum sai ta tsokane ni da tambayar ko 'yan makaranta sun gama haukata ni, wannan karon ko gaisuwar kirki babu. Ta ce in kira ta ranar Litinin, akwai abin da take son tambaya. Na saurari saƙon har na haddace. Ban gaya wa Wendell ba, ina tsoron abin da zan gani a fuskarsa.

Charlene ta ce tayin tukuicin zai ƙare ƙarshen wata. Anti, wanne zan nema a cikin biyun? Idan da sunana kaɗai na nema, ai bai shafi rancen ba, ko?

Mai jiran makulli, Toledo.

*

'Yar'uwa mai jiran makulli,

Na aika miki da wannan amsa ranar da wasiƙarki ta iso, don ba ta jiran ranar bugawa a jarida. Ina sa ta a nan ne saboda masu shirin yin irin wannan kuskure, kuma suna da yawa.

Kada ki nemi ko ɗaya yanzu. Sunanki yana kan rancen kamar yadda na Wendell yake, don haka neman kati da sunanki kaɗai bai raba ki da komai ba. Charlene ta yi kuskure da ta ce banki sun gama bincike. Yawancinsu suna sake duba tarihin bashin mutum dab da ranar sa hannu, kuma duk katin da aka nema yana barin sawu. Sabon bashi na iya rage makin da banki ke auna amincinku da shi wajen biyan bashi, ya sauya lissafin da aka ba ku rance a kansa. Na ga an ɗage wa mutane ranar sa hannu saboda kujerun falo, na kuma ga waɗanda aka janye wa rancen gaba ɗaya.

Ba zan ɓoye miki ba, zuwan Wendell kanti da wannan kira sun yi kusa da juna fiye da yadda nake so. Akwai dubawar da ba ta barin sawu, amma idan mutum ya ba da cikakkiyar lambarsa ya kuma sa hannu a allon na'urarsu, galibi neman kati ya yi, ko ya sani ko bai sani ba. Kada ki far masa. Masu kantin nan an koya musu yadda za su faɗi abin ya yi kama da wasa, shi kuma firji yake son saya wa iyalinsa. Shirun da yake yi, a ganina, na mutumin da ya fara zargin kansa ne. Ki kunna masa saƙon yau, ki tambaye shi abu biyu: an buɗe masa kati, kuma ya ɗora wani abu a kai?

Ranar Litinin da safe ku kira Misis Kowalski tare, ku faɗa mata kafin ta tambaya. Idan nema kawai ya yi, sau da yawa bayani a rubuce ya wadatar. Idan ya ɗora firji a kai, kada ya rufe katin, kada ya biya, kada ya mayar da kayan sai ta faɗi yadda za a yi. Ko da kuɗin ajiyarku za ku sayi wani abu babba, ku tambaye ta tukuna, don su ma banki na iya sa musu ido. Kula mai ƙanƙara da shagon wanki za su riƙe ku na 'yan makonni, ba wanda zai mutu.

Maganar kati kuwa, Charlene ba ƙarya take yi ba. Suna mayar da kuɗi, amma ga wanda ke biyan bashinsa tas duk wata. Wanda ya bar saura, kuɗin ruwan wata ɗaya ko biyu na iya cinye abin da ya tara a shekara. Bayan kun tare, idan har kina so, gida mai baki biyar zai iya fanshe dala casa'in ɗin nan a cefane. Sai dai ki duba ko akwai iyakar da kashi biyar ɗin ke tsayawa, da kuma ko suna lissafa babban kantin da kike zuwa a matsayin na cefane, don wasu ba sa yi. Ke da kike da yara cike da mota da tsohuwa a gida, ni dai na farkon nan zan zaɓa miki, ba ya buƙatar tsaro. Tayin tukuici kuma kada ya ruɗe ki, yana ƙarewa wani zai fito.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mai ɗaci. Idan Wendell ya ce miki ya riga ya ɗora kaya a katin, kada ki jira Litinin. Ki nemi mai gidan hayarku yau ki ji ko 'yan jami'an nan za su iya ɗaga ƙafa, ki kuma fara tunanin inda mutum biyar za su kwana idan ya ce a'a. Ina fatan ba za a kai ga haka ba, amma gara ki shirya.

Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, ya kai ku gidanku lafiya. Ki rubuto min yadda kuka yi, zan kasance cikin zullumi har sai na ji.

Geraldine