Na Ɗaga wa Dutse Malafa

Litinin, 16 ga Yuli, 1984

Mun iso sansanin horon karnukan farauta, ni da ƙanena Royce, da dawakai da mota cike da karnuka. Daga jihar Jojiya har lardin Manitoba, bayana kamar zai tsinke. Royce ne ya yi yawancin tuƙin. Na ce masa gilashin motar ya yi datti, shi ya sa allunan hanya ba sa karantuwa. Ya sauka ya goge, ya koma kan sitiyari. Ba na son shirun nan nasa.

Alhamis, 19 ga Yuli

Na saki Pearl, karyar Mista Tolliver. Kai! Tunda nake horon karnuka ban taɓa riƙe irinta ba. Fara sol, kunnuwa ja. Tana cin fili kamar ba gobe, ni kuma ina bisa doki ina rera mata kira don ta san inda nake, ta riƙa gudu a gabana. Da ta ji warin kajin daji sai ta ƙame don nuna mini inda suke, wutsiya sama, ko kunne ba ta kaɗa ba. Na ɗaga malafa kamar yadda ake yi wa alƙalai a gasa don su san kare ya samo kaji, na sauka na tayar da kajin, na harba bindigar ƙara, marar harsashi. Ba ta motsa ba.

Gasa farkon Satumba. In har zan ci babbar gasa kafin a rufe ni, da karyar nan ce.

Laraba, 25 ga Yuli

Sauro. Wake da burodin masara, yau ma.

Talata, 31 ga Yuli

Aikin Royce tun muna samari shi ne ya bi baya, in kare ya ɓace ya je ya nemo. Yanzu ya koma manne mini, gwiwa na gugar gwiwa. Yana magana ƙasa ƙasa: "Yaya, tana hagu, wajen itatuwan can." Na ce na gan ta tun kafin ya buɗe baki.

Ban gan ta ba. Duk abin da na kalla kai tsaye, tsakiyarsa sai ta shafe.

Asabar, 11 ga Agusta

Ba na son rubuta wannan.

Tolliver ya zo ganin karyarsa, da abokansa biyu. Don kada ya ga ana yi mini jagora, na kori Royce baya. Pearl ta ɓace mini a bayan wani tudu. Ina ta kira. Can sai na hango fari a cikin ciyawa, tsaye cak. Na ɗaga malafa sama sosai, na yi sukuwa, suka biyo ni. Na sauka ina cewa, "Tsaya, 'yata, tsaya, yarinyar kirki." Na shiga shure ciyawa a gabanta ina neman kajin.

Dutse ne. Farin dutse, irin wanda manoma ke turewa gefen gona. Sai da na kai hannu zan shafa bayanta na sani.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Royce ya ce, "Ai wannan ya fi Pearl haƙuri, Yaya, mu saka shi a gasar." Ashe ita tana can ɗaya gefen tudun, a ƙame kan kajinta cikin rana tsaka, harshe waje, tana jirana.

Talata, 14 ga Agusta

Likitan ido a garin Brandon. Ya ce ba maganar tabarau ba ce, kuma ba ya komawa baya. Yaro ne, ko doki bai taɓa hawa ba.

Alhamis, 16 ga Agusta

Tolliver ya bugo waya gidan maƙwabci. Da ladabi dai. Ya ce ko Royce ya riƙe ta a gasar, ko ya aiko a ɗauke ta a kai wa wani mai horo a yankin Dakota.

Na zazzage wa Royce fushina, shi da bai ci ba bai sha ba. Na ce muryarsa kamar ƙarar tsohuwar ƙofar rumbu, wane kare zai bi ta? Ya ce, "Ni ban roƙa ba, Wendell." Rabon da ya kira sunana tsirara har na manta. Sannan ya ce, "In ta tafi Dakota, kai ma ka san da bulala suke horo." Na sani.

Laraba, 22 ga Agusta

Mun gwada. Royce a gaba yana kira, ni a baya. Ba ta kula shi. Na yi tari kawai, tari fa, sai ga ta ta baro fili ta zo ta tsaya gindin dokina tana kallona. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Royce ya tsayar da doki ya ce, "Muddin tana jin ka, ba za ta ji ni ba."

Abincinta ma yanzu shi ke ba ta. Tana kuka in na wuce, ni kuma ina wucewa kamar ban san ta ba. Wannan ya fi dutsen ciwo.

Lahadi, 26 ga Agusta

Ban hau doki ba. Ƙafata ce ke ciwo.

Alhamis, 30 ga Agusta

Ban hau ba yau ma. Na zauna bakin shingen dawakai ina shafa wa sirdi mai. Da za su fita ta wuce ta gabana a guje, ba ta waiwayo ba. To, haka ake so ai.

Iska na kawo mini muryar Royce daga nesa. Har yanzu ƙofar rumbu ce, amma ya ɗauki yadda nake jan ƙarshen kiran, ɓarawon banza. Na bi su da kunne, gabas, sannan arewa. Can sai kiran ya yanke. Na san abin da shirun ke nufi: ta ƙame. Na jira. Na jira. Sai ƙarar bindiga, tas.

Ina dubawa na ga malafata a hannuna, sama da kaina.

Iska ce ta so ɗauke ta.