Sandunan Kaba na Zangon Fito Ba Hanya Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ya wallafa Littafin Jagorar Baƙi na tsofaffin garuruwan Kano da kewaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ranka ya daɗe, sunana Malam Haladu, mutumin Zangon Fito, tsohon garin nan na bakin kogi da ke tsakanin Ɗanbatta da Makoda. Na haura shekara tamanin. Na yi elemantare tun ana rubutu da alƙalamin tsoma tawada, na yi aikin malamin awon gyaɗa har aka daina awon. Na aiko wannan takarda ta jarida ne, kowa ya gani, domin sau biyu ina zuwa ofishinka ban samu ganinka ba, kuma ranar Asabar ta matso.

Ga maganar a taƙaice. Littafinku, a shafi na goma sha bakwai, yana tura baƙi cikin ramin da zai haɗiye su, kuma ya jingina maganar da sunana. Ranar Asabar mai zuwa ɗalibai mata cikin mota biyu za su zo garinmu da wannan littafi a hannu.

Na ɗaya: abin da sandunan suke nufi.

Mu muna zaune a gaɓar kudu. Abin da baƙo yake so ya gani kuwa yana gaɓar arewa: ragowar ganuwa, da tsohuwar marina, da rijiyar fatake, da kukar da ayari yake sauka a gindinta. Dole sai an haye kogi. Gidanmu shi ne gidan fito. Kakana da manyan goruna yake fitar da fatake da kayansu, mahaifina ya gaje shi, ni kuma na gaji mahaifina a kan abu ɗaya da ya rage na sana'ar, wato kafa sanduna.

Kowace shekara, idan damina ta ja baya, ruwa ya sauko zuwa gwiwa, mutumin gidanmu yakan shiga kogi da doguwar gwangwala yana dungurar ƙasa. Duk inda gwangwala ta nutse ba ta taɓa ƙasa ba, sai ya kafa sanda a bakin wurin, ya ɗaura mata kaba a kai. Mu ba ma yi wa hanya alama. Rami muke yi wa alama. Mahaifina yakan ce wurin tafiya yana da faɗi, kowa zai samu nasa, wurin mutuwa ne yake buƙatar a nuna shi. Kowace mace mai tallan nono a ƙasar nan ta san idan ta ga kaba sai ta ba ta taku ashirin. Ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba, domin ba mu taɓa zaton akwai wanda bai sani ba.

A da sandunan ba sa wuce uku ko huɗu, a warwatse. Amma ka san shekarun da muke ciki. Taki ya fi ƙarfin manomi, geron da aka girbe ba ya kai gida ga wata damina. Samarinmu suka koma haƙar yashi suna loda wa tifofin da ke kaiwa birni. Da rani tifofin sukan shiga cikin busasshen kogin, suna bin sawu ɗaya daga gaɓa zuwa gaɓa, ana haƙa a gefen sawun. Ban zargi yaran nan ba, yunwa ce ta ba su shebur. Sai dai ramukan sun zama a jere, wasu sun fi tsawon mutum biyu zurfi, ruwan kuma jajawur, ba a ganin ƙasansa. Bana sanda ashirin da ɗaya aka kafa, miƙe kamar an ja igiya. Wanda ba ɗan gari ba, idan ya tsaya a gaɓa, zai rantse hanya aka shata masa.

Na biyu: yadda aka ɗauki maganata.

Bara da kaka jami'inku Malam Nasiru ya zo da mota. Mai unguwa ya kawo shi wurina, ya ce ga wanda ya san garin. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. An daɗe ba wanda ya tambaye ni komai. Na ba shi safiya guda cur, na gaya masa sunayen ƙofofin ganuwa, da yadda ake jiƙa baba a marina, da inda raƙuma suke durƙusawa. Na dogara sandata na raka shi har bakin ruwa. Ina cikin yi masa bayanin kaba sai wayarsa ta yi ƙara. Ya kara ta a kunne, yana ɗaukar hoton sandunan da ɗaya wayar, yana gyaɗa mini kai yana cewa, "To, Baba. To, Baba." Da ya gama na roƙe shi ya maimaita mini abin da ya ji. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kada ka damu, komai yana cikin waya." Ko tafin ƙafarsa bai jiƙa ba ya koma birni.

Littafi ya fito, ba a aiko mini ba, ba a aiko wa mai unguwa ba.

Na uku: abin da ya riga ya faru.

Mako uku ke nan, da hantsi, gari ya watse gonaki ana yankan gero, wani malamin asibiti ya zo daga birni da matarsa. Ba su tambayi kowa ba, don ba su ga kowa ba, kuma ga littafi. Ya naɗe wando ya shiga daidai sanda ta farko, matar tana gaɓa tana jiran ya gwada mata. A sanda ta uku ya ɓace, sai hularsa a kan ruwa. Allah ya sa maƙwabcina Ɗanladi, masunci ne, yana ɗinkin koma a gindin giginya. Ihun matar ya ji, ya faɗa, ya kamo mutumin ta wuyan riga. Sai da aka kifa shi aka danna cikinsa ruwa ya fita ta baki da hanci kafin ya yi numfashi.

Matar nan har zaurena ta zo. Ta buɗe shafin ta miƙo mini ta ce, "Kai ne Malam Haladu? Tsoho da kai, me muka yi maka?" Na ɗauko tabarau na karanta. Ga abin da kuka rubuta: "Baƙo ya bi jerin sandunan da aka ɗaura wa kaba, su ne alamar mashiga, kamar yadda Malam Haladu na gidan fito ya shaida mana." Na karanta sau uku.

Tun daga ranar ban ji daɗin zama a ƙofar masallaci ba. Wani ya ce, "Malam, ashe ruɗin tsufa ya iso?" Wani sa'ana, wanda muka yi wasan ƙasa tare, ya ce, "Haladu, goro nawa suka ba ka ka sayar da kogi?" Wasa yake yi, aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Matata Hajara ta rasu damina biyu ke nan. Ɗana yana ƙwadago a Legas, 'yata tana aure a Bacirawa. Idan na shiga gida ba wanda zan gaya wa abin da ke cina. Ba ni da gona mai yawa, ba ni da sarauta. Abin da na gada shi ne a ce tun zamanin kakana ba wanda ya bi maganar gidanmu ya halaka a ruwa. Wannan kuka taɓa.

Na huɗu: zuwana ofishinku.

Na sayar da kaji na shiga motar Ɗanbatta zuwa birni. Zuwan farko aka ce kana taro. Na zauna a benci tun hantsi har aka kira la'asar, sannan masinja ya ce, "Baba, ka je ka rubuto." Na rubuta na aiko, na sake dawowa bayan mako guda. Sakatarenka ya ce takardata tana cikin fayil, za a gyara idan an zo bugu na biyu. Na tambaye shi yaushe ne bugu na biyu, ya ce sai an samu hali. Ina fitowa na yi karo da Malam Nasiru a baranda. Ya durƙusa ya gaishe ni, ban hana shi ladabinsa ba. Da na gaya masa, sai ya ce, "Ai Baba, ƙaramin kuskure ne, layi ɗaya ne fa." Ranka ya daɗe, layi ɗayan nan ne aka matse daga cikin mutum a bakin kogi.

Na biyar: ranar Asabar.

Mai unguwa ya samu takarda daga wata makarantar horon malamai da ke birni, cewa ɗalibansu mata za su zo ganin tsohon gari, kuma za su haye da ƙafa yadda littafi ya nuna. Ya buga wa malamin da zai jagorance su waya, ina zaune a wurin. Malamin ya ce littafin na masana ne, an bincika kafin a buga. Ya ƙara da cewa ya san halin ƙauye, so muke a tsorata baƙi don a biya mu kuɗin rakiya. Ya kashe waya. Maganar mai unguwa ba ta kai nauyin takardarku ba a wurinsa, tawa kuwa ai ita ce a cikin littafin.

Ka yi tunanin 'yan matan nan. Yawancinsu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba. Dogon hijabi idan ya sha ruwa jan mutum yake yi ƙasa. Kuma na san yadda mata suke haye kogi idan suna jin tsoro: hannu suke riƙewa. Ɗaya ta zurma, uku za su bi ta. Ɗanladi kuwa geronsa bai yi ba, ranar Alhamis zai tafi ci-rani, ya riga ya ɗaure kaya, ba ni da bakin da zan ce ya zauna. Sauran masu iya ruwa suna gona ko suna bin tifa.

Mai unguwa ya ce in sa a tumɓuke sandunan, baƙi su rasa abin da za su bi. Kwana biyu ina juya maganar. Matan rugage da ke hayowa da nono kullum safiya, da masu zuwa itace, da masu kora awaki kasuwa, da kabar nan suke sanin inda za su kauce. Idan na cire, na kashe na gida. Idan na bari, littafinku ya kashe baƙi. Na gaya wa mai unguwa ba zan cire ba. Sandunan gaskiya suke faɗa, shafinku ne ya yi ƙarya, shi ya kamata a cire.

Saboda haka ina roƙonka abu huɗu, don Allah, don darajar iyayenka.

Ka buga wa shugaban makarantar nan waya da bakinka kafin ranar Juma'a, ka ce kada ɗaliba ko ɗaya ta sa ƙafa a ruwa. Su zagaya ta gadar hanyar Makoda. Da nisa, amma za su koma gida a ƙirge yadda suka fito.

Ka sa a yi sanarwa a rediyo cewa a Zangon Fito kaba alamar rami ce, domin ban san hannu nawa littafin ya shiga ba, kai ma ina jin ba ka sani ba.

Ka dakatar da raba sauran, a yage shafin ko a manna masa gyara. Wannan ba ya buƙatar jiran bugu na biyu.

Ka rubuta a fili cewa ban faɗi abin da aka ce na faɗa ba, ka aiko wa mai unguwa a karanta a ƙofar masallaci. Ba na neman a kori Malam Nasiru, yana da iyali. A turo shi dai ya zo ya riƙe gwangwala ya shiga ruwan nan sau ɗaya.

Idan har Asabar ta yi ban ji komai daga gare ka ba, na riga na shirya da mai amalanken unguwarmu. Zai kai ni bakin kogi bayan sallar asuba. Muryata ba ta kai taku goma yanzu, ihu ba zai yi mini amfani ba. Zan shiga in zauna a cikin ruwa a gindin sanda ta farko, in zauna har motocin su zo. Likita ya hana ni taɓa ruwan sanyi saboda ƙirjina, na ji, na kuma gode masa. Amma duk wadda za ta bi shafi na goma sha bakwai, sai ta tsallake ni tukuna.

Allah ya ba ka ikon yin abin da ya dace a kan lokaci. Allah ya tsare maka 'ya'yanka a duk ruwan da za su haye, ya sa kada ka taɓa tsayawa a gaɓa kana jiran a fito maka da naka. Allah ya yafe mana kurakuranmu, ni da kai baki ɗaya.

Wassalam.

Naka,
Malam Haladu na gidan fito,
Zangon Fito.