Na Zana Duniya da Gawayi

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Yaya Binta da yara. Ya Kano, ya ƙafar taka? Mu nan unguwar Alsawra, kusa da kogin Nilu, alhamdu lillahi, Inna ma ta samu sauƙi.

Ka ce in bar koyarwa in taho wurinka. To, ji abin da ya faru. Da aka sake buɗe makarantarmu, ko taswira ɗaya ba mu tarar ba. Sai na ɗauki gawayi na zana duniya a bango, na nuna wa yara hanyar da kakanninmu suka biyo daga ƙasar Hausa za su Makka, har suka zauna a nan. Wata yarinya, Sa'adiyya, wadda yaƙi ya koro su daga ƙauye, ta ce, "Ustaza, ina garinmu?" Na miƙa mata gawayin. Ta ɗiga shi da kanta a bakin Nilu, ta ce, "Kada a goge, za mu koma."

Yaya, ka yi haƙuri, ba zan taho ba. Sai yaran nan sun san inda suke a duniya, da waɗanda suka shata iyakokinta.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Kawu Sale.

Ƙanwarka,
Hauwa