Hanyar Ƙofar Gidana da Ka Shimfiɗa a Kan Laka

Zuwa ga Injiniya,
Shugaban kamfanin da ya shimfiɗa mini bulon intalok a ƙofar gida,
Illela.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ban sa sunanka ko na kamfaninka ba, domin ba tozarta ka na fito yi ba, kuma mahaifiyarka tana raye, ba na so a kai mata magana a kanka. Kai dai ka san kanka, mutanen unguwarmu ma sun san ka. Abin da ya sa na rubuta a fili shi ne, na kira wayarka har na haddace muryar matar nan mai cewa a sake gwadawa an jima. Na aika maka ta bakin limaminmu, ka ce masa kana nan tafe. Damina ta shiga ta fita, an girbe gero an kai rumbu, har yau kana tafe.

Saboda waɗanda za su karanta ba su san ni ba, sunana Umaru, na yi aikin magatakarda har na yi ritaya. Ciwon suga ya raba ni da ƙafar hagu, tun daga nan a keke nake. Mai ɗakina ta rasu. 'Yata Zainabu tana aure a Amarawa, takan zo ranar Juma'a ta yi mini shara da wanki ta koma. Ɗana Nasiru, abokin karatunka, yana aiki a Fatakwal. Tsakanin zaurena da titi akwai ɗan fili inda nake ajiye mota a da, masallaci kuma yana tsallaken titin. Duniyata ke nan yanzu, zaure da fili da masallaci.

Kafin aikinka filin nan ƙasa ce zalla, ga gargada, ga taɓo da damina. Amma ina fita. Aminina Malam Isa tela, wanda ya girme ni, shi yake turo ni. Yakan rufe shago ya zo kafin azahar, ya kama bayan keken yana haki yana yi mini tsiya, wai na fi buhun albasa nauyi kuma ban kai shi daraja ba. Da Nasiru ya zo gida ya ga tsoho yana tura tsoho, kunya ta kama shi. Shi ya sa ya neme ka, ya ce a shimfiɗa hanya sumul yadda zan tura kaina da hannuna in hutar da Malam Isa. Ya biya ka duka kafin a sa diga a ƙasa. Ba zan ambaci adadin ba, don ba kuɗi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ga ƙorafina.

Na farko, abin da ka faɗa da bakinka. Ranar da ka zo duba wurin ka durƙusa ka gaishe ni, ka ce mini Baba, na ji daɗi. Ka ɗebi ƙasar ka zuba mata ruwan butata, ka murza ta a tafin hannu har ta yi igiya, ka nuna mini ka ce wannan laka ce, ba a yarda da ita. Ka ce idan ta sha ruwa kumbura take yi, idan ta bushe ta tsuke ta tsattsage, duk abin da aka ɗora mata sai ta motsa shi. Ni kuma na ƙara maka da cewa a nan gefen tsohon kududdufi yake, inda kakanninmu suka ɗebi ƙasar gina unguwar, daga baya aka cike. Ka ce to dole a haƙe ta har gwiwa a kwashe, a zubo jar ƙasa kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana daɓewa da inji, a bi da tsakuwa, a bi da yashi, sannan a jera bulo. Ka ja zare daga bakin zaure zuwa titi, ka ce za a ba wurin gangara ta yadda ruwa zai bi ya faɗa kwata. Ni ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, a bakinka na koya. Saboda haka kada wani ya ce aikin ne ba ka iya ba. Ka iya shi sarai.

Na biyu, abin da aka yi. Cikin azumin bara aka fara, ana tsakiyar zafi, ƙasa ta bushe ƙamas. Katafila da tifar da ka yi alkawari ban gan su ba. An ce suna can wajen wani babban sito da kake gina wa wani attajiri kusa da iyaka, kuma ban yi mamaki ba, sito ya fi zauren gurgu maiƙo. Leburori ka turo da diga da shebur. Suna azumi, ga rana, digar tana tashi sama in sun sara. Suka kankare abin da bai fi taƙi ɗaya ba suka zauna. Ban ga laifinsu ba. Da ka zo, sai ka buga ƙafa a ƙasa ka ce ai wannan ta fi kankare ƙarfi, ba ta buƙatar komai. Na tuna maka zancen gwiwa, ka yi dariya ka ce, “Baba, kak ka damu, wagga ƙasa ta kwana biyu da zama.” Jar ƙasa ba ta zo ba, tsakuwa ba ta zo ba, injin daɓe ko ƙararsa ban ji ba. Yashi aka barbaɗa aka hau jera bulo. Zaren nan da ka ja, awaki suka tsinke shi tun ranar farko, kuma babu wanda ya sake ɗaura shi.

Na fahimci saurin da ake yi. Ana so a gama kafin Sallah, a ɗauki hoto a aika Fatakwal. An kuwa ɗauka. Ka sa aka jera bulon ja da fari, aka wanke shi, aka turo ni tsakiya da babbar riga, ka tsaya a bayana kana murmushi. Gaskiya hoton ya yi kyau. Kuma ba zan ɓoye alheri ba, daga Sallah zuwa faɗuwar ruwa na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Ni kaɗai nake tura kaina in riga ladan isa masallaci. Malam Isa ya koma tafiya a gefena hannu a baya, yana cewa an kore shi daga aiki ba sallama.

Na uku, abin da ruwa ya yi. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, maimakon ya bi ta kwata sai ya juyo ya shigo mini zaure, domin bakin titi ya fi bakin ƙofata tudu. Tabarmi suka jiƙe, gindin bango ya sha ruwa, har yau tabon yana nan. Daga nan laka ta fara abin da ka ce za ta yi. Tsakiya ta kumburo, gefen ƙofa ya lotsa ya zama tafki, bulo ya rabu da ɗan'uwansa, wani ya tashi tsaye, wani ya nutse, kamar haƙoran tsoho. Ƙaramar tayar kekena tana faɗawa tsakani ta maƙale, ba gaba ba baya. Da ƙasa ce irin ta da, da an zuba toka da ɓaraguzai an wuce. Wannan kuwa ba ta takuwa, ba ta gyaruwa da shebur. Da rani ya dawo na ɗauka za ta kwanta, sai ta bushe a yadda take, ta ƙara da tsagewa.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Malam Isa ya koma turo ni. Wata la'asar bayan an ɗauke ruwa, taya ta maƙale, ya sunkuya zai ɗaga ta, bulon da ya taka ya juye da shi. Ya faɗi a kan ƙugunsa. Ina zaune a keke ina kallonsa a ƙasa, ban iya ko miƙa masa hannu ba, sai kiran mutane nake. Abin da ya ce da aka ɗaga shi kawai shi ne, “Ku hwara kai Umaru, an ta da salla.” 'Ya'yansa suka ɗauke shi suka kai shi Garu wajen maɗori, can yake kwance har yanzu, shagonsa a rufe. Muna waya, amma kunnensa ya yi nauyi. Ni ina ɗaga murya ina tambayar ƙugu, shi yana ba ni labarin tsadar zare. Idan ya gaji ya ce in gai da mutanen masallaci, ni kuma in ce za su ji, alhali ni ma ba kullum nake ganinsu ba.

Na biyar, halin da nake ciki. Jama'ar unguwa sun yi ƙoƙari. Ranar Juma'a akan samu majiya ƙarfi su ɗaga ni da keken gaba ɗaya su tsallakar da ni. Amma ba zan sa a riƙa ɗaukata kamar kaya kowace salla ba, mutane suna da sana'o'insu, ni ma ina da sauran kunya. Majalisar da take zama a dakalina tun ina aiki ta koma gindin dalbejiyar mai shayi, don yawancinsu tsofaffi ne, kuma bayan faɗuwar Malam Isa kowa yana tsoron ƙafarsa. Ban riƙe su a zuciya ba. Da farko sukan tsaya a bakin titi su ɗago hannu su yi sallama, yanzu ma wannan ta ragu. Ina jin dariyarsu daga zaure, ina gane ta kowa, amma ban san abin da ake wa dariyar ba. Ina jin kiran salla, in yi alwala, in ji an ta da iƙama, in kabbara ni kaɗai. Akwai ranakun da tun safe har magariba ba na buɗe baki da kowa sai yarinyar maƙwabta in ta miƙo kwanon abinci. Kaɗaici ya dame ni, Injiniya, na faɗa maka ba kwana-kwana. Rashin ƙafa bai tsare ni a gida ba, aikinka ne ya tsare ni.

Nasiru bai san duk wannan ba. Bai samu zuwa gida ba tun lokacin, kuma hoton nan shi ne a fuskar wayarsa, yana nuna wa abokan aikinsa abin da ya yi wa babansa. Na hana Zainabu gaya masa don kada abotarku ta ɓaci. Yau zai karanta tare da kowa. Nasiru, ka yi haƙuri, naka ya isa kuma Allah ya karɓa. Ba na so ka kira shi da faɗa.

Ga abin da nake roƙo. Ka zo da kanka ka tsaya inda ka tsaya ranar hoto, ka duba. Ka sa a kwashe bulon nan, a haƙe lakar har inda ka ce, a yi cikon da daɓen yadda ka koya mini, a mai da gangarar ta fuskanci kwata. Yanzu ne lokacinsa, tun ƙasa tana bushe, kafin hadari ya fara haɗuwa. Idan katafilarka ba ta da sarari, ko aikin ya yi maka ƙanƙanta, to ka turo a kwashe bulon kawai a bar mini ƙasata yadda ka same ta, na yafe ja da farin. Sannan ka je Garu ka duba Malam Isa. Ba zai tambaye ka komai ba, wataƙila ma ba zai ji abin da kake cewa ba, amma ka je.

Abu na ƙarshe. Ka san a garin nan a ƙofar gidan mutum ake yi masa salla in ya cika, a nan ake shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Nakan zauna a bakin zaure in dubi filin nan in rasa inda sahu zai tsaya. Ba na so ranar da za a fito da ni wani mai ɗauke da makara ya taka bulon da ya ka da Malam Isa. Amma ba don wannan ranar nake roƙonka ba, ita ko ta yaya za a fitar da ni. Azumi ya sake matsowa. So nake in tsallaka titin nan da hannuna, in shiga sahu a gefen dama inda suke bar mini wuri, tun ana bar mini shi.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya ƙara maka manyan ayyuka, ya sa ka gama da mahaifiyarka lafiya. Allah ya ba ka tsufa da ƙafafunka biyu, da abokan da za su iya isowa ƙofarka.

Ni ne baban abokinka,
Umaru, tsohon magatakarda,
daga zaurena a Illela.

Wassalam.